Yadda zaka ci moriyar lokacin sanyi da ɗaukar hoto da editin, ko da waya ce kawai a hannunka

Duk shekara in sanyi ya kankama sai kaga masu son ɗaukar hoto sun yi tsit, kyamara ta koma jaka, waya kuma sai dai a ƙudundune cikin bargo ana kallon hotunan wasu. In ka tambaya sai a ce ai babu abin ɗauka, itatuwa sun kaɗe, gari ya yi fari fat ko ya yi toka-toka, rana bata daɗewa ta faɗi, ga yatsu na ƙagewa. Toh ni dai mafi yawan abin da na iya a harkar nan a irin wannan lokacin na koye shi, kuma ba don ina da wasu manyan kaya ba, don dai sanyi yana tilasta ma mutum ya nutsu ne. Yini gajere ne, dole ka zaɓi abu ɗaya ka sa a gaba, dare kuma dogo ne ga lokacin da zaka zauna ka gyara abin da ka ɗauko. Shi ne nace bari in rubuta yadda nake tsara abin, ko wani ko wata zasu amfana.

Abu na farko kuma ginshiƙin komai, ka ɗaure kanka da sharaɗi. Mutum in ya fita da niyyar bari in ɗauki duk abin da ya burge ni, yawanci ko ya dawo hannu rabbana ko ya dawo da hoto 200 da babu ko ɗaya da zai so ya sake buɗewa, saboda idon bai san me yake nema ba. Amma kace masa yau ja kawai muke so, nan take sai kaga ja ya fito ko'ina, murfin gora, rigar da aka shanya, fitilar bayan mota, hular wani yaro can nesa, kuma a lokacin sanyi da kaloli suka yi ƙaranci ɗigon ja ɗaya cikin farin wuri ya isa ya riƙe hoto gaba ɗaya. Akwai masu yin hoto ɗaya kullum har kwana 365, akwai masu yin ɗaya duk sati har sati 52. Gaskiya ban ba sabon shiga shawarar na kwana 365 ba, don ranar da ya tsallake ɗaya sai gwiwa ta yi sanyi ya watsar da abin duka. Ka ɗauki sharaɗi ɗaya duk sati iya tsawon sanyin, ka rubuta a takarda ka manna inda zaka riƙa gani. In da aboki ko ƙawa mai sha'awa ku yi tare, ranar da kuka ajiye kowa ya turo hoto uku, uku fa ba talatin ba.

Wanda nafi so a fara dashi shi ne na ƙidaya. Da can zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, ya ƙare ya ƙare, don haka mutum baya danna maɓalli sai ya tabbatar. Toh ka mai da kanka wannan zamanin, sati guda hoto 36 ne rabonka, babu gogewa, babu leƙa sikirin bayan ka ɗauka sai ka dawo ɗaki. Kwana biyun farko zaka ji kamar an ɗaure maka hannu, amma daga nan zaka lura ka fara duba gefe-gefen hoton kafin ka danna, ka fara ganin cewa ga sandar lantarki ta tsiro ta saman kan mutum, ga leda a ƙasa, bari in matsa taku biyu hagu. Wannan duba gefen shi ne rabin iya hoto wallahi, kuma babu manhajar da zata koya maka shi.

Sati na gaba ka haramta ma kanka zumin. Yawancin zumin ɗin waya ai yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi, shi yasa yake fitowa dishi-dishi, in kana son abu ya matso toh ka taka ka je kusa dashi. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya shahara a hoton titi, mafi yawan aikinsa da gilashin kyamara ɗaya na 50mm, wanda baya zumin, ya yi shi. Sai kuma na abu ɗaya hoto goma: ka ɗauki makulli ko cokali ko tsohon takalmi, ka fitar da hoto goma da basu yi kama da juna ba. Biyar na farko masu sauƙi ne, sama, ƙasa, gefe, kusa, nesa. Daga na shida ne aikin yake farawa, nan ne zaka fara tunanin inuwarsa, hotonsa cikin madubi, ko ka sa shi bayan gilashin da ya yi raɓa.

Maganar inuwa kuwa, nan sanyi yake da wata baiwa da bazara bata da ita. Duniya a karkace take da kusan digiri 23.5, shi yasa a lokacin sanyi rana bata hawa can tsakiyar sama, tana bi ta gefe ne, kuma iya nisanka da layin da ya raba duniya arewa da kudu iya yadda abin yake ƙara fitowa fili. A arewacin duniya yini mafi gajarta yana faɗowa wajen 21 ko 22 ga Disamba, a kudanci kuma wajen 21 ga Yuni. Rana in tana ƙasa-ƙasa inuwa tana tsawo, bango mai kaushi sai kaga kowane ƙurji nasa ya fito, hasken kuma yana da laushi baya sa mutum ya runtse ido. Ka ware sati guda kace inuwa kawai zan ɗauka, mai inuwar ma kada ya shigo hoton. Kuma kada ka tattara ka tafi da zarar rana ta faɗi, akwai kamar minti 20 zuwa 40 bayan faɗuwarta, ya danganta da inda kake, da sama ke yin shuɗi mai zurfi daidai lokacin da fitilu ke kunnuwa, ruwan ɗorawar fitila da shuɗin sama in suka haɗu a hoto ɗaya abin ba'a magana.

Yanzu ranar da sanyin ya hana fita kwata-kwata fa? Ga wanda bana gajiya dashi, hoton tururi. Ka samu kofi ka zuba ruwan zafi wanda ya tafasa yanzun nan, ka ajiye bakin taga da safe lokacin ɗakin da sauran sanyi, don iskar sanyi ce ke sa tururin ya yi kauri ya fito. Sirrin guda biyu ne, haske ya zo ta bayan kofin ko ta gefe can baya-baya, sannan abin da ke bayan tururin ya zama mai duhu. In ka ɗauka haske na bayanka kai mai ɗauka, babu abin da zaka gani sai kofi. Ni yadda nake yi, na ja labule na bar 'yar tsaga kamar faɗin tafin hannu, hasken ya ratso ya faɗa saman kofin, na jingina baƙar riga a kujera can baya inda hasken bai taɓa ta ba, sai in durƙusa har idon wayar ya yi daidai da bakin kofin. In danna sikirin a kan bakin kofin ya kama, in ja hasken ƙasa kaɗan har bayan ya yi baƙi ƙirin. Wallahi abin da zaka gani sai ka riƙe numfashi, tururin yana tashi siriri kamar zare, ya murɗe, ya buɗe kamar an warware ɗankwali, ya watse, wani ya biyo baya kuma babu biyu da suka yi kama. Riƙe numfashin ma dole ne, don ko ɗan hucinka ya kai wurin sai ya tarwatsa shi. Minti biyu zuwa uku kake dasu kafin ruwan ya huce, saboda haka ka gama saita komai kafin ka zuba. In kana iya saita saurin ƙiftawar kyamara ka sa 1/250 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri don murɗe-murɗen su fito tsaf.

In dare ya yi sai zane da haske. Wannan tsohon wasa ne, a 1949 mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya ɗauki shahararren mai zanen nan Picasso yana zane a iska da 'yar fitila cikin ɗaki mai duhu, hotunan suka fito a mujallar Life. Yadda ake yi, ka kafe kyamara ko waya ta yadda bazata motsa ba, in babu ƙafa-uku ka jingina ta da littattafai, ka kashe fitilu duka. Wayoyin Android da yawa suna da sashen Pro a cikin kyamara, nan zaka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙiftawa kuma daƙiƙa 10 zuwa 30, mai babbar kyamara ya ƙara da saita faɗin ƙofar gilashi a f/8. Mai iPhone zai buƙaci manhajar da ke bari a riƙe ƙiftawa a buɗe. Kafin ka kashe wuta ka saita inda kyamara zata kama a daidai wurin da zaka tsaya ka kulle shi, don cikin duhu bata iya nemowa da kanta. Sa taima na daƙiƙa biyu ko goma saboda danna maɓalli da hannu yana girgiza ta, sai ka shiga gaba da tocila ka zana abin da kake so. Ka sa kaya masu duhu kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, bazaka fito ba sai layin hasken. In rubutu ne ka tuna zai fito a juye tunda kana fuskantar kyamara, sai ka juya hoton wajen editin. Yara suna son wannan sosai, a basu tocila a rufe bakinta da leda mai kala.

Akwai kuma na ƙanƙara. Ka sa ganye ko fure cikin roba mai faɗi, ruwa kaɗan tukuna ya daskare ya riƙe shi, sannan ka ƙara ruwa a sama ka mayar firiza, washegari ka ɓamɓaro ka ɗaga saitin taga ka ɗauka kusa-kusa, kumfar iskar da ta maƙale ciki ita ce adon. Wanda yake inda dusar ƙanƙara ke zuba kuma yana da abin da ya fi wannan. Wani manomi a Jericho ta jihar Vermont a Amurka, Wilson Bentley, a 1885 ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma na masu bincike ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya, kafin rasuwarsa a 1931 ya ɗauki sama da 5,000. Kai yau da ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a waya zaka gwada, ka bar baƙin ƙyalle a waje ya yi sanyi tukuna, don in da ɗumi a jikinsa ƙwayar na sauka zata narke.

Sai ɗaya mai sauƙi da yake tafiya tare da sauran duka, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Taga ɗaya ko bishiya ɗaya. Hoton ranar farko ba komai bane, amma ka jera 30 ka gani.

Toh yanzu matsalolin waje, don akwai abin da ke karya ma mutane zuciya su ɗauka kyamararsu ce bata da kyau. Ka ɗauki fili fari tas da ƙanƙara ko safiya mai hazo, ka duba sai kaga hoton ya yi toka-toka kamar an wanke farin kaya da ruwan datti. Ni ma na daɗe ina fama da wannan kafin in gane dalili. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabanta in aka cakuɗa zai ba da ruwan toka matsakaici, toh in ta ga fari ya cika ko'ina sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa ta rage. Maganin shi ne kai ka ƙara mata da hannu, ka nemi alamar +/- ka kai +1, in farin ya yi yawa har +2, a waya kuma ka danna sikirin ka ja 'yar alamar ranar nan sama. Sai dai ka tsaya kafin farin ya ƙone, wato ya zama fari fes babu ko ɗigon zane a ciki, don wurin da ya ƙone babu editin ɗin da zai dawo dashi.

Na biyu, farin da ke cikin inuwa yana fitowa shuɗi, saboda hasken da ke sauka kansa daga shuɗin sama yake zuwa. Ana auna zafi da sanyin haske da Kelvin, hasken rana tsaka wajen 5500 ne, inuwa tana kai 7000 zuwa 8000, tsohon ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kuma wajen 2700 zuwa 3200. In shuɗin ya dame ka ka ɗaga lambar a saitin daidaita fari, amma ni bana kashe shi duka, ɗan shuɗin nan shi ke sa mai kallo yaji sanyin a jikinsa. In kuma abu na zubowa daga sama, ƙanƙara ko yayyafi, 1/500 zuwa 1/1000 zai tsayar dashi ɗigo-ɗigo, 1/30 kuma zai ja shi ya zama layi-layi, ka gwada duka biyun a wuri ɗaya.

Batir baya son sanyi, wannan kowa ya sani, sinadaran cikinsa ne ke yin nauyi sai kaga waya daga kashi 40 ta mutu. Ka sa wayar ko batirin ajiya a aljihun ciki kusa da jiki, sau da yawa wanda ya mutu in ya ji ɗumi yana farfaɗowa. Amma wanda mutane basu cika sani ba shi ne gumi. In ka shigo da kyamara mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi, danshin iskar ɗakin zai kwanta a kanta har cikin gilashi, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke yin zufa. Kafin ka shigo ka sa ta a leda ka ɗaure ko ka zuge ta cikin jakarta, ka barta awa ɗaya ko biyu ta ɗumama a hankali, katin ajiyar kawai zaka cire tun a waje in kana ɗokin ganin hotuna. Inda sanyi ke zuwa da ƙura kuma kada ka canza gilashi a fili, kuma kada ka goge shi da bakin riga, ka fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska sannan ƙyalle mai laushi, in ba haka ba ƙurar ce zata karce maka shi.

Mu dawo ɗaki, editin. Kafin ka taɓa komai ka zaɓa, kuma ka zama mai tsauri. Cikin 36 ka fitar da biyar, cikin biyar ka gyara biyu ko uku. Hoton da ya yi rawa ko bai kama ba ka barshi ya tafi, editin baya tayar da matacce, mai rai yake ƙara ma lafiya.

Kayan aiki ba matsala bane. A waya akwai Snapseed, kamfanin Nik Software ne ya ƙirƙire ta Google ya saya a 2012, kyauta ce kuma ta isa mai koyo shekara guda bai ƙure ta ba. Akwai Lightroom ta Adobe, abubuwan farko-farko kyauta wasu kuma sai da rajista. A kwamfuta akwai darktable da RawTherapee da GIMP duk kyauta. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har sanyi ya wuce, tsalle daga wannan zuwa waccan shi ke hana mutum ƙwarewa. In wayarka ko kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa shi ba, a waya yawanci DNG ake kiransa, toh ka kunna shi don hotunan da ka san zaka gyara. JPEG, wato hoton da aka saba ɗauka, matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW na babbar kyamara kuwa 4,096 ne ko 16,384, shi yasa zaka iya ɗago wuri mai duhu ko ka canza zafin launi ba tare da hoton ya farfashe ba. Kada ka tsorata in ka buɗe RAW ka ganshi fayau babu armashi, haka yake, ɗanye ne ba'a taɓa shi ba. Illarsa dai cin wuri.

Tsarin da nake bi kusan kullum ɗaya ne. Na fara miƙe hoton in ya karkace, in yanke abin da bashi da aiki a gefe. Sai zafi ko sanyin launi, in nemi wani abu da na san fari ne in daidaita dashi. Sai hasken gaba ɗaya. Bayan nan in rage hailait, wato wuraren da suka fi haske, don zanen gajimare ko na ƙanƙara ya dawo, in ɗan ɗago shado amma kaɗan, don in ka ɗago inuwa duka hoton zai zama shimfiɗaɗɗe babu zurfi ga yashi-yashi ya fito. Kala ita ce kusan ta ƙarshe, ƙara kaifi kuma shi ne na ƙarshe ɗungurungum. Dalilin wannan jerin, kowane mataki yana canza na bayansa, in ka fara da kala sannan ka taɓa haske sai ka dawo ka sake kalar.

Ka koyi karanta histogiram, ɗan zanen nan mai kama da tsaunuka. Hagu duhu ne dama haske. Hoton hazo ko ƙanƙara tsaunin ya kamata ya karkata dama, in ka ganshi a tsakiya toh farinka toka ne, in kuma ya haɗe da bangon dama ya hau toh ya ƙone. Yana da muhimmanci musamman da dare, don ido cikin ɗaki mai duhu yana ganin sikirin ya fi yadda yake haske, sai ka gyara hoto da dare ka tashi da safe ka ganshi duhu dulum. Ka sa hasken sikirin a tsakiya, ka bar fitila ɗaya a kunne, kuma don Allah ka kashe saitin nan na kare ido da ke mai da sikirin ruwan ɗorawa da dare, in ba haka ba zaka yi ta ƙara shuɗi baka sani ba.

Inda editin yake zama sana'a ta gaske shi ne gyaran sashe-sashe, ka haska nan ka duhunta can. Ba sabon abu bane, tun a ɗakin wanke hoto masu hoto irin su Ba'amurken nan Ansel Adams suna tare haske da hannu ko kwali a wani sashen takarda su ƙara ma wani sashen. Idon mutum wurin da ya fi haske yake fara zuwa, toh kai ne zaka nuna masa hanya. Mu koma kan kofin ɗazu, tururin ya fito amma ga hannun kujera can baya ya ɗan kama haske yana jan ido, ga bakin teburi ya yi fari. A Snapseed ka ɗauki burushi ka shafa duhu kaɗan a kan hannun kujerar da teburin, ka shafa haske a kan murɗin tururin kawai, sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Ka danna ka riƙe kaga na da, ka saki kaga na yanzu. In wanda bai sani ba zai iya nuna inda ka shafa toh ka zarce, koma baya.

Abu biyu nake roƙon mutane su sassauta ma hannu. Na farko maɓallin cire hazo, wanda Adobe suka ƙara a Lightroom a 2015, yana da amfani amma kai da ka fita takanas don ka ɗauki hazo me zai sa ka zo ka share shi? Hazon ne ke raba na kusa da na nesa, bishiyar gaba baƙa, ta bayanta toka, ta can baya kamar mafarki, wani lokaci ma baya nake jan maɓallin in ƙara. Na biyu ƙarfin kala da fatar mutum. Abin yana min ciwo in ga an ɗauki mutum mai kyakkyawar fata an shafe ta sumul kamar roba an kuma haske ta har ba'a gane shi. Sanyi yana busar da fata da leɓe, in ka cire ɗan tsagewar leɓe ko wani ƙurji da zai wuce nan da sati babu laifi, amma launin mutum da zanen fuskarsa nasa ne ka bar masa. Dabarar da ke taimakona, duk maɓallin da na ja har naji ya yi daidai sai in mayar dashi baya da kamar kashi ɗaya cikin uku.

Editin ma yana da nasa ƙalubalen na dogon dare. Ka ɗauki hoto ɗaya ka fitar dashi kala uku, ɗaya mai ɗumi, ɗaya mai sanyi, ɗaya baƙi da fari, ka jera ka tambayi kanka wanne ne ya fi kama da abin da ka ji lokacin da kake tsaye a wurin. Ko sati guda baƙi da fari zalla, lokacin sanyi ya dace da wannan tunda kalar dama ba yawa, kuma kada ka tsaya a danna filta, ka shiga inda ake juya kowane launi daban, ka duhunta shuɗi kaga yadda sama zata yi nauyi rassan bishiya su fito kamar zanen alƙalami. Ko ku yi musaya da abokin ƙalubalenka, ka bashi ɗanyen hotonka ya baka nasa kowa ya gyara na wani, zaka sha mamakin abin da ya gani a hotonka da kai baka gani ba. Ko ka tono hotunan shekara biyu da suka wuce ka sake gyara su da hannunka na yau. Kuma duk abin da ka gama kada ka saka shi a daren, ka bari ya kwana, idon safe baya ƙarya.

In ka canza sama gaba ɗaya ko ka cire mutum ko ka sa abin da babu shi, musamman yanzu da manhajoji ke yi da dannawa ɗaya, ba laifi bane in wasa kake da fasaha amma ka faɗa. Gasar hotunan jarida irin World Press Photo cire mutum suke daga takara in ya ƙara ko ya goge wani abu a hoto. Sannan in zaka ɗauki fuskar wani ka nemi izininsa, balle yaran mutane.

Wajen fitarwa, kada ka taɓa danne asalin hoton, ka ajiye gyararren a matsayin kwafi. In Instagram zaka saka, faɗin 1080 ya wadatar, na tsaye 1080 da 1350 yana cika sikirin da kyau. In ta WhatsApp zaka tura ma abokin ƙalubale ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura yadda aka saba matse shi yake yi, kuma hoton hazo da tururi su suka fi jin jiki, laushin nan nasu sai ya koma layi-layi. Sai dai ka sani fayil yana tafiya da bayanan da ke ɓoye cikinsa, har da wurin da aka ɗauka in GPS na kunne, toh hotunan cikin ɗaki ka cire wannan kafin su fita hannunka. Ka buɗe folda ɗaya ta wannan sanyin, kowane sati da tasa a ciki da sunan sharaɗin, ka kwafe ta wuri na biyu duk ƙarshen sati, kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, don waya faɗuwa ɗaya ce. In sanyin ya fara ja baya ka zaɓi guda 10 ko 12 ka kai a wanke maka su a takarda, kuma kafin ka kai ka ɗan ƙara musu haske kaɗan, saboda takarda bata da fitila a bayanta kamar sikirin, kusan kullum tana fitowa da ɗan duhu fiye da yadda ka gani.